Finjali na Uku na Hafiza ne

Lokotoro Ramata, likitar yara, ta ajiye hoton cikin yarinyar, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wane ne uban?"

Yayana Baha'u ya leƙa taga kamar an ce masa ga raƙumi can yana tuƙa mota. Matarsa Suwaiba ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ni kuwa moto, wato babur, shi ya kawo ni. Kabu-kabu nake yi, na ɗauko uwa da ƴa, Baha'u ya biyo mu a ƙasa don kada a gan shi tare da su.

"To, uwar fa?"

Suwaiba ta ƙara sunkuyar da kai.

"Bon," in ji lokotoro. "Daga sama ta faɗo ke nan."

Ba wai ba ta san al'adar ba ne. Ƴar Damagaram ce, ta sani sarai, gajiya dai ta yi da ita. Hafiza ƴar fari ce, kuma a gidanmu, da duk gidajen tsohon gari da na sani, ɗan fari ba na iyayensa ba ne a gaban mutane. Ba su kiran sunansa, ba su ɗaukarsa, in ya faɗi sai su jira wani ya tashe shi. Ga kuma ƙari, sunan marigayiya mahaifiyarmu aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan Suwaiba, ta ƴar fari da ta suruka. In za ta kira ƴarta sai ta ce "ke" ko "wannan". Mu muna ce mata Maisuna. Baha'u ba ya ce mata komai, tari yake yi in yana so ta matsa.

Tana da shekara uku hanjinta ya murɗe. Aka kwashe ta zuwa Yamai, aka buɗe cikin, aka tarar mafi yawansa ya mutu, aka yanke, aka ɗinke guntun da ya rage. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma tun daga nan abinci yake bi ta cikinta kamar ruwan ƙoramar Telwa da damina: ya zo da ƙarfi, ya wuce da ƙarfi, kafin ƙasa ta sha ya yi gaba. Yanzu shekararta shida, rigar ƴar shekara uku take sawa. Bakinta ne kawai ya girma.

Lokotoro ta juyo gare ni. "Kai, kabu-kabu, tunda kai kaɗai ke da ido a ɗakin nan, saurara. Akwai wata allura ta ƙara girman jiki, hormone de croissance. Ba ta mayar da hanjin da aka yanke. Abin da ake fata, ta taimaki guntun da ya rage ya ƙara ƙwazo wajen tsotsar abinci. Wasu yara tana yi musu amfani, wasu ba ta yi, wasu ta yi na ɗan lokaci. Ban yi muku alkawari ba. Babu ita a garin nan, sai an nemo, kuma ba ta son zafi, cikin firigo take zama."

Na ga kunnen Baha'u ya motsa, ko da yake har yanzu yana tare da raƙuminsa.

"Amma ga abin da ya fi allurar," ta ci gaba, tana buga yatsa kan tebur. "Babu sukari. Babu jus, babu alawa, babu shayi. Zaƙi yana jawo ruwan jikinta ya zuba cikin hanji, ya kwashe duk abin da ta ci ya fita da shi. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, da ruwan gishirin nan da zan ba ku, kurɓi-kurɓi. An ji?"

Muka ce an ji. Ni dai na ce, su suka gyaɗa kai ga bango.

Kalmar allura ta biyo mu har gida. Kalmar sukari ta zauna can kan kujerar lokotoro.

Yayana na biyu, Murtala, yana tuƙi tsakanin nan da Tamanrasat ta Aljeriya, shi aka ɗora wa nemo maganin. Ranar da ya iso da shi sai ka ce daga Makka ya dawo. Ya sauko da ƴar gilasiyer shuɗiya, akwatin ƙanƙara, a hannu biyu, ya hana kowa taɓawa, ya ba da labarin yadda ya ƙi shan ruwan sanyi tun daga Asamaka don kada ƙanƙarar ta narke. A bakinsa kowace rana hanyar tana ƙara tsawo. Kuma bai taɓa cewa maganin Maisuna ba, "maganina" yake cewa.

Baha'u tela ne. Ya sayar da kekensa na ɗinki guda, ya sayo firigo da fanon rana mai ba da wuta da batiri, saboda kuran ɗin unguwarmu, wato lantarki, baƙo ne, ya zo a gaisa ya tafi. Aka girke firigon a zaure. Tun daga nan yayana ya sami abin da zai so a fili ba tare da kunya ba. Ya ɗinka masa riga mai aiki a wuya. Da safe kafin ya gaida kowa sai ya dafa shi ya ce, "Yaya firigon ya kwana?" In ya ji injin ya sake murya sai ya bar kwastoma tsaye da wando a hannu ya rugo gida. Ƴar da aka sayi firigon dominta tana iya wucewa ta gabansa tana riƙe da ciki, ba zai ɗaga kai ba. Amma ka jingina da firigon ka gani.

Unguwa kuma ta zo kallo. Kafin mako ya zagayo duk wanda ke zama a ƙofar gidanmu ya zama gwanin allurar ormon. Wani ya ce da ita ake yi wa ƴan kokowa. Wani ya ce shi ya sa Turawa ke buga kai a ƙofar masallaci. Karim mai gyaran rediyo, wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa in ya hau motona, ya ja ni gefe ya ce in an rage ɗan kaɗan a gindin kwalba kada a zubar, ba don shi ba, don wani abokinsa. Wani maƙwabci mai kiwon ragon layya ya zo da irin wannan aboki.

Ita allurar, Suwaiba ce ke yi mata da yamma, a ƙuryar ɗaki, bayan wata infirmiya, ma'aikaciyar jinya, ta koya mata. Ba a gani, ba a magana.

Abin da ake gani shi ne shayin Baba.

Mahaifinmu, Malam Hamidu, tsohon baduku ne. Sirdin raƙumi da jakunkunan fata ya yi duk rayuwarsa, har idonsa ya gaji, masu saye ma suka daina zuwa. Abin da ya rage masa shi ne la'asar. Yana dawowa daga masallaci zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya hura gawayi, ya jera ƴar buta da finjalai. Na farko mai ɗaci na manya ne. Na biyu na duk wanda ya tarar. Na uku kuwa, wanda ganyen ya gaji sukari ya karɓi mulki, wanda in ka ɗiga a yatsa sai ya manne, da na mahaifiyarmu ne. Da ta rasu Baba ya riƙa zubar da shi a ƙasa. Ranar da Hafiza ta fara zama da kanta ya miƙa mata, daga nan ya zama nata.

"Uwargida," zai ce, yana ɗaga buta sama shayin na sauka siriri yana kumfa, "yau ma ba ki yi mini tuwo ba."

"Ka kawo cefane ne? Tsoho mai gemun bunsuru."

"Ji ta! Sakinki zan yi."

"Sake ni mana. Wa za ta aure ka ba haƙora?"

Sai ya yi dariya har tari ya kama shi, ya miƙa mata finjali, ta kama da hannu biyu ta zuƙe, ta lashe kumfar. A duk yini wannan ne lokacin da babu mai dubanta da tausayi. Ni ma, Allah ya sani, ina son kallonsu.

Kafin a kira magariba kuwa sai ka ga ta dafe ciki ta nufi bayan gida da gudu, Suwaiba ta bi ta da buta. Ta fito, ta koma. Ta fito, ta koma. Abincin rana da aka sha wahalar lallashinta ta ci, da allurar Murtala, da keken Baha'u, duk suna bin hanya ɗaya. Mu kuma muna zaune muna cewa, "Sannu Baba, shayi ya yi."

Da muka koma asibiti aka ɗora Hafiza kan kilo, lokotoro ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗorawa. Ba ta ƙaru ba, ta ma ragu. Wannan karon ba ta ɓata bakinta da manya ba, ta durƙusa gaban yarinyar.

"Ƴan mata, me kike sha a gida?"

"Ruwan gishiri. Ba daɗi."

"Sai me?"

"Sai shayi. Mijina ke ba ni."

"Kullum?"

"Kullum mana. Ai na uku nawa ne."

Lokotoro ta miƙe a hankali. Na taɓa ganin jandarma ya fusata, bai kai ta ba, don ita ko murya ba ta ɗaga ba.

"Kuna zuba ruwa a tulu, kun zauna kuna huda gindinsa. Écoutez-moi bien. In kuka dawo awo na gaba ta sake raguwa, na tsayar da allurar, don ba zan riƙa soka yarinya a banza ba. Daga nan sai Yamai, a kwantar da ita a riƙa ba ta abinci ta jijiya, in jikin ya jure tafiyar. Ku je ku gaya wa mijin nata."

Gaya wa mijin nata. Da sauƙi a baki.

A zaure muka yi taro, mu uku, gefen firigo. Baha'u ya ce shi ba zai iya ba. Yaya za a yi ya tsaya gaban Baba ya yi maganar ƴar fari, a ce ya damu da ita? Ina zai sa fuskarsa? Murtala ya ce shi dai maganinsa orijinal ne, in akwai matsala a bincika firigo. Baha'u ya ce kada a sa firigo cikin maganar. Suka yi ta yi, an bar jaki ana dukan taiki, har Murtala ya tuna yana da lodi zuwa Arlit. Sai dukansu suka dube ni.

"Kai ne auta, Lukumanu," in ji Baha'u. "Kuma dama an san ka ba ka da kunya."

Wannan ne karo na farko da rashin kunyata ya yi daraja a gidan. Na karɓa. Washegari na zauna kusa da Baba tun yana hura wuta, na gyara murya.

"Baba, akwai wata magana da lokotoro ta yi."

"Lokotoro," ya ce, yana fifita gawayi. "Mace ce ko?"

"Mace ce."

"Ka gani. Ƴar mutane ta zauna lakkal ta yi karatun boko har ta zama lokotoro. Kai kuwa mushe, malaminku, ya ce ka zauna, ka fita ta taga. Jiya Jado za ka haƙar zinariya, shekaranjiya Libiya, yau kana yawo da matan mutane a bayan moto. To, me ta ce?"

"Ta ce... a gaishe ka."

"Ina amsawa."

Na koma dabara. Na ɓoye gwangwanin sukari a ɗakina. Baba ya buɗe tsohuwar jakar fatarsa ya fito da dunƙulen sukari irin na da, ya fasa da gindin finjali, ya ce gidan nan ɓeraye sun yi yawa, wasu har da moto. Wata rana na yi wuf na ɗauke finjali na uku na shanye. Hafiza ta fasa ihu, Baba ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ƙato da kai, har da rabon mata?" Ya sake dafa mata wani, ya ƙara sukari don ta huce.

Sai Baha'u ya kawo shawarar manya: a aiko babba ya gaya wa babba. Muka je wajen Malam Amadu, abokin Baba tun suna yara, wanda ya yi madugun ayarin gishiri zuwa Bilma kafin gwiwa ta hana shi. Muka yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce wannan ƙaramin abu ne, mu bar masa.

Ya zo da la'asar, ya sha na farko, ya sha na biyu, sannan ya shafa gemu ya fara.

"Hamidu, na taɓa yin wani ɗan raƙumi. Ina sonsa ƙwarai. Kullum sai in ba shi dabino, in ba shi dabino. Ashe son nan cuta ne. Ranar da muka shiga hamadar Tenere, shi ya fara durƙushewa."

Baba ya gyaɗa kai, ya juyo ya kafe ni da ido.

"Gaskiyarka, Amadu. Uwarsa ce ta ɓata shi, Allah ya ji ƙanta. Ni na sha faɗa."

Malam Amadu ya ga magana ta karɓu, ko ba inda ya aika ta ba, ya ji daɗi. Da zai tafi ya laluba aljihu ya miƙa wa Hafiza alawa.

Ana haka kwanaki suna tafiya, ranar awo tana matsowa. Idon yarinyar ya faɗa. Ta daina bin yara zuwa ƙofar gida, sai ta kwanta a inuwa tana kallon ƙadangaru. In na ɗauke ta sai in ji kamar na ɗauki kaza. Amma la'asar na yi za ta ja jiki zuwa tabarmar Baba, don aure ba wasa ba ne.

Ranar da abin ya faru tabarmar a cike take. Murtala ya dawo daga Arlit, Malam Amadu ya zo duba yadda nasiharsa ke aiki, Karim yana nan, ga Baha'u a gefe yana ɗinkin hannu. An sha na farko, an sha na biyu. Baba ya zuba sukari, ya ɗaga buta, ya cika finjali na uku, ya miƙa.

"Hafiza!"

Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Suwaiba ce, tsaye a bakin madafa, hannunta duk gari. Sunan nan ba a faɗe shi a tsakar gidan ba tun ranar da aka fita da gawar mahaifiyarmu. Baba ya saki finjalin a hannun yarinyar, shayin ya ɗiga a kan tabarma.

Ta tako har gabansa. Ba ta cire takalmi ba, ba ta durƙusa ba. Ta karɓi finjalin daga hannun yarinyar ta tuntsurar da shi a kan rairayi.

"Baba, shayin nan ne yake kashe ta. Lokotoro ta faɗa tun ranar farko, ta ce babu sukari. Kana ba ta da la'asar, ni ina wanke ta har magariba. In ta sake raguwa za a tsayar da allurar a kai ta Yamai, kuma ba na jin za ta kai. Ƴata ce. Ni na haife ta. A ce ba ni da kunya, na yarda."

Karim ya tuna ya bar rediyon wani a kunne, ya sulale. Baha'u ya soka wa kansa allura a yatsa bai ko ce wash ba. Duk muka jira tsawa ta sauka a kan Suwaiba.

Baba ya ajiye butar a hankali. Bai dube ta ba. Baha'u ya duba.

"Gaskiya ne?"

"Wai... haka dai lokotoro ta ɗan ambata."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin firigo."

"Murtala?"

"Ni dai Baba, maganina..."

"Rufe mini baki da maganinka. Kai fa, sarkin surutu?"

"Ai na zo zan faɗa, Baba, sai ka ce..."

"Na ce ka gudu daga lakkal. Ƙarya na yi? Na ce kada ka faɗa?" Ya juya ga Malam Amadu. "Kai kuma da ɗan raƙuminka. Shekara nawa muna tare, ba ka iya cewa Hamidu, daina ba?"

Malam Amadu ya ce shi dai ya yi iya ƙoƙarinsa, magana ce ba a bi sawunta ba.

"Ƙartai uku da tsoho guda," in ji Baba. "Kuna zaune kuna kallo ina ɗura wa yarinya ciwo da hannuna, kuna cewa sannu Baba, shayi ya yi. Da ta mutu fa? Ku ɗauki makara kuna sunkuyar da kai, a ce kai, ƴaƴan Hamidu akwai ladabi. Ku tashi mini daga tabarma."

Muka tashi. Hafiza ce kaɗai ba ta tashi ba. Tana kallon inda rairayi ya shanye shayinta, ta buɗe baki ta fasa kukan da aka ji har bakin kasuwa, tana cewa uwarta muguwa ce, mijinta kuma ragon namiji, an zubar masa da shayi yana kallo.

Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa. Kada ka ɗauka labarin hanji ne ko na sukari. Labarin shi ne matar Baha'u ta kira sunan ƴar fari, sunan surukarta, da takalmi a ƙafa, a gaban maza. Mata suka riƙa shigowa aron turmi alhali kowace tana da nata, don su ga fuskar da ta aikata. Gwaggonmu ta taso takanas daga wancan gefen gari ta zauna gaban Baba ta ce lalle a ja wa yarinyar nan kunne, in ba haka ba gobe sunansa za ta kira.

"Ta yi rashin kunya," in ji Baba. "Babu shakka ta yi."

Gwaggo ta gyara zama.

"Da ma Allah ya ba ni ɗa guda mai irinta."

Duk da haka bai yi wa Suwaiba magana ba na tsawon lokaci. In ta kawo masa abinci sai ya kau da kai. Ta yi gaskiya, amma ta faɗi sunan, kuma ya ji shi a inda yake ji. Ita ma ba ta nemi gafara ba. Tunda bakin ya buɗe ba ta sake rufe shi ba: Hafiza zo ki ci, Hafiza kurɓi ruwanki, Hafiza ajiye wannan. Wata maƙwabciya ta miƙo wa yarinyar biskit ta kan katanga, Suwaiba ta mayar mata ta inda ya fito.

Ranar awo Baba ya sa babbar riga ya naɗa rawani ya ce shi zai kai ta. Ya hau bayan motona, abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba, Hafiza a tsakaninmu, yana yi mini faɗa a kowane rami. Suwaiba ta biyo a wani moto.

Yana shiga ya ce wa lokotoro, "Ni ne mijin. Duk abin da za ki faɗa, faɗa mini a fuskata. Gidana babu masu baki, sai mace guda."

Aka ɗora ta kan kilo. Lokotoro ta daɗe tana dubawa.

"Ta ƙaru," ta ce. "Kaɗan. Kada a buga ganga. Ban san nawa ne aikin allura, nawa ne na barin sukari ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na sani ba. Amma za mu ci gaba, babu zancen Yamai yanzu."

Suwaiba ta rufe fuska da mayafi. Baba ya yi gyaran murya.

"To lokotoro, in ta warke, yaushe za ta koma shan shayi? Ko rabin finjali."

"Baba, hanjin da aka yanke ba ya tsirowa. Irin shayin da kake nufi, wataƙila ba za ta sake sha ba."

Hafiza tana jin su. Har muka iso gida ba ta zagi kowa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan kukanta.

Murtala yana jin sakamako ya kira duk wanda ya sani, har na Tamanrasat, yana cewa ai ya faɗa, maganinsa ba ya ƙarya. Unguwa ta yarda da shi. An fi son labarin da ke da gilasiyer da hamada a ciki. Har yau in ka tambaya a ƙofar gidanmu za a ce maka allurar Aljeriya ce ta tashi yarinyar, sannan a rage murya a ƙara da cewa uwar dai sai addu'a.

Da la'asar Hafiza ta jawo tabarma da kanta, da ƙyar, ta shimfiɗa a inda aka saba, ta zauna ta harɗe ƙafa. Baba ya fito daga ɗaki yana tafiya a karkace, babbar rigarsa ta kumbura ta gefe guda, wani abu yana ƙara a ciki. Tun ranar da aka zubar da finjalin bai sake hura wuta a gidan ba. Shagon Malam Amadu yake zuwa ya sha a ɓoye, kamar mai shan abin da shari'a ta hana.

"Tsoho, ina za ka?"

"Masallaci, uwargida."

"Ai ka dawo daga masallaci."

"Na manta ban yi addu'a ba."

"Da gawayi ake addu'a?"

Bai juyo ba. Ya sa kai zaure, ya fita. Ina ƙofar gida ina goge moto ya wuce ni, ya tsaya a kwanar lungu yana share ido da bakin rawani. Da ya ga ina kallonsa sai ya daka mini tsawa, ya ce hayaƙi ne ya shige masa ido, alhali gawayin yana cikin riga, ko ashana bai ƙyasta ba.